Komawa Filin Golf Bayan Dogon Hutu: Tambayoyi da Amsoshi Kan Zaɓen Sabbin Sandunan Ayon

Mutane da dama kan ajiye golf na tsawon shekaru, wani saboda aiki ya yi masa yawa, wani an canza masa gari, wani ciwon baya ne ya zaunar da shi, wani kuma hidimar iyali. Ranar da sha'awar ta dawo, aka jawo jaka daga sito aka kakkaɓe ƙura, abin da ke fara zuwa zuciya shi ne ko waɗannan sandunan za su ƙara yin aiki. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda masu dawowa suka fi yi game da ayon, wato sandunan nan masu lamba da ake bugun tsakiyar fili da su har zuwa girin, wato wurin nan mai gajeriyar ciyawa da rami yake.

Na yi shekaru ban riƙe sanda ba. In fara da sayen sabbin ayon kafin in shiga fili?

A'a, ka dakata tukuna. Bugun da za ka yi a makon farko ba shi ne bugunka na gaskiya ba. Jiki ya sandare, kafaɗa ba ta juyawa yadda ta saba, idonka da hannunka ba su gama shiryawa ba. Idan aka auna ka a wannan hali, za a ba ka sandunan da suka dace da mutumin da zai ɓace nan da wata biyu, ka kashe kuɗi mai yawa a kan abin da zai zame maka cikas daga baya.

Abin da ya fi shi ne ka wanke tsofaffin sandunanka, ka canza musu mariƙi, wato robar da hannu ke kamawa, ka yi wata ɗaya zuwa biyu kana zuwa filin atisaye kana kuma zagaya fili. Ka nemi kocin kulob ɗinku ya duba ka ko da sau biyu ne. A cikin wannan lokaci ka lura da abubuwa uku: ina ƙwallo ke taɓa fuskar sanda, wane ɓangare take karkata idan ka kuskure, da kuma ko tana tashi sama sosai ko tana tafiya ƙasa-ƙasa. Amsoshin nan su ne za ka riƙe ka tafi da su wurin saye.

Akwai waɗanda ba sai sun jira ba: wanda ya riga ya kyautar da sandunansa, da wanda ƙotocin nasa, wato dogon jikin sanda da ke tsakanin mariƙi da kai, suka yi tsatsa har ciki. Ƙotar da tsatsa ta ci tana iya karyewa a tsakiyar bugu, kan sandar ya yi tsalle ya ji wa na kusa ciwo. Irin wannan kada a yi wasa da ita.

Me ya canza a ƙirar ayon tun da na bari?

Ya danganta da tsawon hutunka. Idan shekara uku ko huɗu ne, canjin kaɗan ne, sandunanka na nan da ƙarfinsu. Idan ya kai goma zuwa sama, za ka ga bambanci.

Tunanin da ke ƙarƙashin ayon mai sauƙin bugu tsoho ne. Karsten Solheim, injiniyan da ya kafa kamfanin Ping a Amurka, shi ya yaɗa dabarar kwashe ƙarfe daga bayan kan sanda a mayar da nauyin gefe-gefe, domin kan ya daina murɗewa idan ƙwallo ta taɓa wajen tsakiya. Sandarsa Ping Eye2 ta fito a 1982, kuma har yau akwai masu buga ta. Abin da aka ƙara a shekarun baya-bayan nan shi ne fuska siririya mai ɗan lanƙwasawa ta dawo, wadda ke ƙara wa ƙwallo gudu, da ɗan dunƙulen tongstin mai nauyi da ake binnewa a ƙasan kai domin ƙwallo ta tashi da sauƙi, da kuma kai mai rami a ciki da ake cikawa da kumfa ko roba. TaylorMade P790, wadda ta fara fitowa a 2017, ita ta sa wannan ƙira ta ƙarshe ta yi suna: daga waje kamar sandar ƙwararru, a ciki kuwa akwai taimako.

Ribar wannan duka tana bayyana ne a bugun da bai yi kyau ba. Idan ka daki tsakiya, tsohuwar sanda da sabuwa masu kishingiɗa ɗaya, wato yadda fuskar sanda ta kwanta baya, ba su da wani nisa a tsakani. Idan ka daki kusa da baki ko ƙasan fuska, sabuwar za ta kai ƙwallo gaban girin, tsohuwar ta bar ta cikin yashi. Mai dawowa daga hutu kuwa irin wannan bugu ya fi yawa a hannunsa.

Abokina yana kai ayon 7 nisan da ya fi nawa da yadi ashirin. Sandunansa ne suka fi nawa, ko ƙarfina ne ya ragu?

Wataƙila ƙarfinka ya ɗan ragu, amma kafin ka yanke wa kanka hukunci ka duba kishingiɗar fuskar sandunan biyu. Wannan ita ce tambayar da na fi so mai dawowa ya fahimta, domin a nan ake yaudarar mutane da yawa.

Lambar da aka buga a ƙasan sanda ba ta da wata doka a bayanta. Kowane kamfani na da ikon rubuta 7 a kan duk sandar da ya ga dama. Abin da ke yanke nisa shi ne yawan kishingiɗar fuska, wadda ake aunawa da digiri. A cikin shekaru talatin zuwa arba'in da suka wuce, kamfanoni sun yi ta miƙar da fuskar a hankali. Ka ɗauki kamfani ɗaya: ayon 7 na Ping Eye2 digiri 36 ne, na Ping G430 da ya fito a 2023 kuwa digiri 29. Tsakanin sanda da mai bi mata yawanci digiri huɗu ne. Ke nan sabon ayon 7 ya kusan zama tsohon ayon 5 da aka sauya wa lamba.

Kamfanonin suna da hujjarsu, kuma ba ƙarya ba ce gaba ɗaya. Tun da an saukar da nauyi ƙasa, ƙwallo na tashi sama fiye da da, don haka sai a rage kishingiɗa domin kada ta yi ta hawa ba ta ci gaba ba. Ga mai bugu da gudu wannan lissafi na aiki. Ga wanda gudun sandarsa ya ragu kuwa, fuskar da ta miƙe sosai na fitar da ƙwallo ƙasa-ƙasa ba tare da isasshen juyi ba, ta sauka a girin ta gangara ta fice ta baya. Ka samu ƙarin yadi goma amma ƙwallonka ba ta tsayawa inda ka nufa.

Aikin ayon shi ne ya kai ƙwallo wani nisa sananne ya tsayar da ita. Saboda haka idan kana gwada sanda, ka tambayi digirinta kafin ka yi murna da nisanta. Wasu kamfanoni, ciki har da Ping, suna ba da zaɓin a kawo maka saiti ɗaya da ƙarin kishingiɗa ko da ragi, kuma ga mafi yawan masu dawowa da suka haura hamsin, ƙarin ya fi amfani.

Wane irin kai zan zaɓa? Da ina buga siraran nan na ƙwararru.

Kusan kashi huɗu ne a kasuwa yau. Akwai siriri mai dunƙulallen baya wanda ake kira bled, irin Titleist 620 MB. Akwai na gwanaye mai ɗan rami a baya, irin Titleist T100 ko Srixon ZX7. Akwai na tsakiya mai kama da na gwanaye amma da taimako a ɓoye, irin P790 ko T200 ko Srixon ZX5. Sai mai faɗin ƙasa da babban kai, wanda aka yi domin ya yafe kuskure, irin jerin G na Ping ko Big Bertha na Callaway.

Shawarata ga mai dawowa ita ce ya sauko mataki ɗaya ko biyu daga inda ya tsaya, zuwa wajen sauƙi. Wanda ya bari yana da handikaf 8 (lambar da ke nuna matakin ɗan wasa, ƙarama ta gwani ce) da bled a jaka, ya duba na tsakiya. Wanda ya bari yana 18 ko fiye, ya nufi mai faɗin ƙasa kai tsaye, babu abin kunya a ciki. Lokacin da kake buga bled kana zuwa fili sau uku a mako, hannunka na samun tsakiyar fuska ba tare da tunani ba. Yanzu idan Asabar kaɗai za ka samu, sandar da ke hukunta ka a kan kowane ƙaramin kuskure za ta cire maka daɗin wasan, kuma rashin daɗi shi ke mayar da jaka sito.

Sai dai ido ma na da hakkinsa. Idan ka ajiye sanda bayan ƙwallo ka ji ba ta kwanta maka ba, kaurin samanta ya dame ka, ko ka ga fuskar ta koma baya da yawa, ba za ka buga ta da natsuwa ba. A irin wannan hali a haɗa saiti: dogayen daga masu sauƙi, gajerun daga na gwanaye. Kamfanoni da yawa na sayar da su ɗaya-ɗaya saboda haka.

Wanda aka ƙera da wanda aka zuba a mazubi, wanne ya fi?

Kada wannan ya ɗauke maka hankali. Ƙerarre, irin wanda Mizuno ke yi a Hiroshima ta Japan da ƙarfe mai taushi, ya fi daɗi a hannu ga masu iya ji, kuma ya fi sauƙin lanƙwasawa idan ana so a gyara masa digiri. Zubabbe ya fi jure duka da tsakuwa, sau da yawa kuma ya fi araha. Siffar kai da ƙotar da ke jikinsa sun fi yadda aka yi shi tasiri a kan inda ƙwallo za ta sauka.

Ƙotar ƙarfe ko ta girafait?

Nan ma wuri ne da ya kamata a tsaya. Yawancin waɗanda suka koyi golf a shekarun 1990 da farkon 2000 sun taso da ƙotar ƙarfe mai nauyi, musamman Dynamic Gold ta kamfanin True Temper, wadda ke kai wa giram 130. A wancan lokaci ana ɗaukar girafait, wato ƙotar zaren kabon mara nauyi, a matsayin ta tsofaffi da mata, kuma gaskiya ta farkon ba ta da tabbas, yau ta kai nan gobe ta kai can. Wannan zamani ya wuce. Girafait ta yanzu na da daidaito, ana samunta daga wajen giram 50 har sama da 100, kuma akwai ƙwararrun da ke buga ta a manyan gasa. Bryson DeChambeau, wanda ya ci gasar US Open a 2020 da 2024, da ƙotar girafait yake buga ayon ɗinsa.

Tsakanin biyun akwai ƙarfe mara nauyi, irin Nippon 950GH mai wajen giram 95, wanda ya dace da mutane da yawa.

Ga yadda za ka gane abin da jikinka ke so. Idan gwiwar hannu ko wuyan hannu ko kafaɗa na maka ciwo bayan wasa, girafait ta fi shanye girgizar duka, ka nufe ta. Idan kana fara zagaye da kyau amma daga rami na sha uku bugunka ya lalace, akwai alamar ƙotar ta yi maka nauyi, musamman ga mai tafiya a ƙafa cikin zafin Maris da Afrilu. Idan kuma ka ɗauki mara nauyi ka ji ba ka san inda kan sandar yake ba, hannunka na gaggawa, to ka wuce gona da iri, ka ƙara nauyi kaɗan. Saukowa daga 130 zuwa 60 a tashi ɗaya kan rikita mutum. 95 zuwa 105 ya fi zama matakin farko mai kyau.

Game da tauri, haruffan da ake rubutawa su ne L, A, R, S da X, daga mafi laushi zuwa mafi tauri. Babu ma'auni ɗaya da kamfanoni suka yarda da shi, don haka R na wani na iya zama S na wani. Kada ka ce ai ni S nake bugawa tun fil azal. Ka gwada, ka bar ƙwallo ta faɗa maka.

Mene ne awon sanda, kuma ya cancanci kuɗinsa?

Awo shi ne ka buga ƙwallaye a gaban na'ura da ƙwararre, yana canza maka kai da ƙota har a samu wanda ya dace da kai. Kamar zuwa wurin tela ne: wanda ya yi shekara goma bai ɗinka kaftani ba, ba zai aika da tsohon awonsa ba, sai ya je a sake sa masa tef. Na'urar da ta fi suna ita ce TrackMan, ƙirar ƙasar Denmak, akwai kuma GCQuad ta kamfanin Foresight.

Idan ka samu dama, ka je da tsohon ayon 7 ɗinka domin a kwatanta, ka kuma sa ido a kan waɗannan: nisan da ƙwallo ke yi a iska kafin ta taɓa ƙasa, tsayin da take kaiwa, yawan juyinta, kusurwar da take saukowa da ita, da yadda ƙwallayen suka taru ko suka warwatsu. Kusurwar sauka ta kai wajen digiri 45 shi ne abin nema idan ana son ƙwallo ta tsaya a girin. Kada ka bari a zaɓa maka sanda saboda bugu ɗaya da ya yi nisa. A duba matsakaicin duka, har da marasa kyau. Kuma kada ka auna kanka da 'yan gasar PGA, wato manyan ƙwararrun da ke wasa a Amurka, waɗanda gudun ayon 7 ɗinsu ke wajen mil 90 a sa'a, ƙwallo na yin sama da yadi 170 a iska. Mai wasan ƙarshen mako da ke kai yadi 135 zuwa 145 yana cikin jama'a.

Ya cancanci kuɗinsa, ƙwarai. Kuɗin awo ƙanƙane ne idan aka ajiye shi kusa da kuɗin saiti.

Idan babu irin wannan na'ura a kusa da ni fa?

To sai a yi da abin da ke hannu, kuma ana samun sakamako mai kyau. Ka nemi kocin kulob ya tsaya a bayanka. Ka ari ayon 7 na abokai uku ko huɗu masu kai da ƙota daban-daban, ka buga goma-goma da ƙwallo iri ɗaya, kadi, wato mai ɗaukar maka jaka, ya tsaya can gefe ya lura da inda kowace ke sauka, ba inda ta gangara ta tsaya ba. Ka shafa wa fuskar sanda ɗan alli ko hoda domin ka ga inda ƙwallo ke taɓawa.

Akwai kuma gwajin zaman sanda, wato yadda ƙasan kai ke kwanciya a ƙasa lokacin duka, wanda alƙalamin maka kaɗai yake buƙata. Ka ja layi mai kauri a jikin ƙwallo, ka ajiye ta layin na tsaye yana fuskantar sanda, ka buga. Layin zai fito a fuskar. Idan ya fito a miƙe, zaman sandar ya dace da kai. Idan ya karkata, ana buƙatar gyara.

Me ya sa zaman sanda a ƙasa yake da muhimmanci haka?

Domin fuskar ayon a kishingiɗe take, duk karkatar da ƙasan sanda ya yi tana juya inda fuskar ke kallo. Ga mai bugu da dama, idan bakin sandar ya ɗaga sama lokacin duka, ƙwallo za ta nufi hagu. Idan dunduniyar ce ta ɗaga, za ta nufi dama. Abin ya fi tsanani a gajerun sanduna. Mutum na iya shekara yana gyaran bugunsa alhali laifin na digiri biyu ne a wuyan sanda.

Ping na nuna wannan da ɗigon launi a bayan kai tun shekarun 1970: baƙi shi ne daidai, shuɗi da kore na masu buƙatar sanda ta ƙara miƙewa, ja na masu buƙatar ta ƙara kwanciya. Idan za ka sayi Ping na hannu ka duba ɗigon. Tsawo ma haka: ayon 7 na maza yawanci inci 37 ne, ana ƙara ko rage rabin inci gwargwadon tsayin mutum da tsawon hannunsa. Dogon mutum mai dogayen hannuwa sau da yawa ba ya buƙatar ƙari.

Tsohon saitina daga 3 ya fara. Yanzu na ga ana farawa daga 5. An rage mana ne?

An rage, kuma saboda miƙewar fuskar nan ce. Sabon ayon 5 ya riga ya kai digirin tsohon ayon 3. Ga yawancin masu dawowa ma ayon 5 ɗin na zamani ya yi wuya. Gwajin mai sauƙi ne: tsakanin kowace sanda da ta kusa da ita ya kamata a samu yadi 10 zuwa 15 a iska. Duk inda ka ga sanduna biyu na sauka wuri ɗaya, ayon ɗinka ya ƙare a nan, abin da ke sama sai haibirid, wato sandar da ta haɗa siffar ayon da ta wud, ko wud ɗin kansa mai lamba 7, wato sanda mai babban kai ta dogon bugu.

Haibirid ba sandar ragwaye ba ce. Todd Hamilton ya ci gasar Open ta 2004 a Royal Troon yana ta amfani da ita har a gefen girin, Y.E. Yang na Koriya ta Kudu kuma da ita ya yi bugun da ya rufe wasa a ramin ƙarshe ranar da ya doke Tiger Woods a gasar PGA ta 2009. Doka ta ba ka sanda 14 a jaka. Kada ka ba da gurbi ga wadda kake tsoron zarowa.

Tsofaffin wejina za su zauna da sabon saiti?

Weji su ne gajerun sanduna mafi kishingiɗa da ake bugun kusa da girin da su. Ka duba digirinsu kafin ka amsa. Tsohon fichin weji, wato wanda ke bin ayon 9, kan kasance 47 ko 48, na sabbin saiti masu sauƙi kuwa 41 zuwa 44. Idan wejin yashinka 56 ne, ka ga an bar giɓi na digiri goma sha biyu ko fiye, wato wajen yadi talatin da ba ka da sandar cikakken bugu a cikinsa, kuma a daidai nisan da ake cin maki. Sai ka cike da weji ɗaya ko biyu, a bar digiri huɗu zuwa shida tsakanin kowanne. Ka sa kuɗin wannan cikin lissafi tun farko, domin mutane kan manta sai bayan sun biya kuɗin saiti.

Tsagin fuskar weji kuma na cinyewa fiye da na sauran, saboda yashi. Idan ka shafa farce ka ji santsi, lokacin canji ya yi.

Filayenmu ba kamar na Turai ba ne. Wannan na shafar zaɓi?

Yana shafa. Sandunan nan an gwada su ne a kan ciyawa mai laushi da ke shan ruwa kullum. Wanda ke wasa a Kano ko Kaduna ko Zariya ya san yadda ƙasa ke tauri da rani, ciyawa ta bushe, ƙwallo ta zauna kusan a kan fako. A irin wannan ƙasa, sanda mai faɗin ƙasa sosai na iya dukan ƙasa ta yi tsalle ta daki ƙwallo a tsakiyar cikinta, ta fita kamar harsashi. Matsakaicin faɗi ya fi dacewa, kuma a weji a nemi wanda ƙasansa bai cika tudu ba. Da damina ko a fili mai ban ruwa irin na IBB da ke Abuja, faɗin na taimakawa domin yana hana sanda nitsewa. Ka zaɓa gwargwadon filin da ka fi bugawa, ka kuma gwada a kan ƙasa ta gaske, domin tabarmar roba ta wurin atisaye na ɓoye bugun da ya fara dukan ƙasa.

Taurin ƙasa kuma na ƙara ƙarfafa maganar tsayi da juyi: girin mai tauri ba ya riƙe ƙwallon da ta zo ƙasa-ƙasa. Sannan wanda ya gwada sanda a Rayfield ta Jos, inda tudu ya kai wajen mita 1,200, ya sani iskar can ba ta da kauri, ƙwallo ta fi nisa. Lambobin Jos ba za su biyo shi Ikoyi ba.

Sabo dal ko na hannu?

Na hannu mai shekara biyu zuwa biyar shi ne inda riba take. Kamfanoni na fitar da sabon samfuri duk shekara ɗaya ko biyu, bambancin da ke tsakanin na bana da na bara kuwa ɗan kaɗan ne, farashi ne ke faɗuwa sosai. Da yadda canjin dala yake, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sharaɗin shi ne ka riga ka san awonka, ka nemi saitin da ya yi daidai da shi. Arahar da ta zo da ƙotar da ba taka ba, asara ce.

Ka duba tsagin fuska, musamman na 7 da 8 da fichin weji. Ka duba ko duk ƙotocin iri ɗaya ne, ka jera su a bango ka ga tsawonsu na sauka rabin inci rabin inci. Ka girgiza kowace ka saurara ko wani abu na kaɗawa a ciki. Ka murɗa kai a hankali ka ji ko ya saki.

Sai maganar jabu, wadda ta yi yawa a intanet. Alamominta: farashin da ya yi kyau fiye da hankali, fenti da ya malala wajen harafi, rubutun da siffarsa ta ɗan bambanta, mariƙi mai warin taya, da nauyin da ya sha bamban daga sanda zuwa sanda. Lambar da aka buga a wuya ba hujja ba ce, masu jabu ma na bugawa. Ka saya daga shagon kulob, ko dillalin da kamfani ya amince da shi, ko ɗan kulob ɗin da ka san inda ya samo nasa. Idan ɗan'uwa ne zai taho maka da su daga waje, ka rubuta masa komai: samfuri, ƙota, nauyinta, tauri, tsawo, zama, kaurin mariƙi, da hannun da kake bugu da shi.

Tsofaffin sandunana sun halatta a gasa har yanzu?

A gasar kulob ta yau da kullum, kusan tabbas sun halatta. Dokar tsagin fuska da hukumomin R&A da USGA, masu tsara dokokin golf, suka kawo a 2010 ta fi shafar ƙwararru da manyan gasannin masu wasan sha'awa, kuma ana aiki da ita ne idan kwamitin gasa ya shelanta. Idan za ka shiga babbar gasa ka tambayi kwamiti tun da wuri.

Dokokin wasan kansu ne suka canza a 2019: ana sakin ƙwallo daga tsayin gwiwa maimakon kafaɗa, neman ɓatacciyar ƙwallo minti uku ne maimakon biyar, kuma an yarda ka bar tuta a rami kana fotin, wato gangara ƙwallo zuwa rami a kan girin. A 2020 aka fara tsarin handikaf na bai ɗaya na duniya. Ka je wurin sakataren gasa ya sabunta maka naka da katunan da ka buga yanzu.

Idan na yanke shawarar zama da tsofaffin, me zan gyara?

Mariƙi kafin komai. Roba na bushewa ko ba a taɓa ta ba, balle a ɗakin ajiya mai zafi ko but ɗin mota. Mariƙin da ya yi santsi na sa ka matse hannu, matsewar kuma na kashe gudun sanda. Mai wasa a kai a kai na canzawa duk shekara. Wanda yatsunsa ke ciwo ya gwada mai ɗan kauri. Bayan haka, idan akwai mai injin lanƙwasa a kusa, a auna digirin kowace sanda, domin ƙerarrun ayon na gocewa da yawan duka. Waɗannan gyare-gyare biyu kan sa mutum ya fasa saye gaba ɗaya har shekara guda.

Ni mace ce, na dawo bayan haihuwa da renon yara. Dole sai saitin mata?

Ba dole ba ne, Hajiya. Saitin mata gajere ne da wajen inci ɗaya, ƙotarsa mara nauyi ce mai laushi, mariƙinsa siriri. Ya dace da mata da yawa, amma idan kina da tsayi ko kina bugu da ƙarfi, zai yi miki laushi, ƙwallo ta riƙa warwatsuwa. Ki gwada ƙotar A ko ma R mara nauyi a tsawon da ya dace da ke. Ki fi mai da hankali ga tashin ƙwallo sama, kuma kada ki ji nauyin fara ayon daga 7, sauran ki cike da haibirid.

Na saya. Sai yaushe zan saba da su?

Ka ba su zagaye biyar zuwa goma kafin ka yanke hukunci. A makon farko ka ware yini guda ka auna nisan kowace sanda a iska, ƙwallo goma kowace, ka jefar da mafi nisa da mafi kusa, ka rubuta matsakaicin a ƙaramin kati ka sa a aljihun jaka. Ka nuna wa kadinka katin, domin shi ma da tsofaffin lambobi zai riƙa miƙo maka sanda idan ya san ka tun da. Kada ka sayar da tsohon saitin sai ka cika wata uku da sabon. Idan bayan wannan lokaci ƙwallo na ci gaba da karkata ɓangare ɗaya a gajerun sanduna, ka koma a sake duba zamansu, domin bugunka na iya canzawa kaɗan yayin da jiki ke ƙara sakewa.